Gefen Finbol Ɗin da Na Wanke

Shekara talatin da wani abu na yi ina dillanci a Kano kafin gwiwa ta zaunar da ni. Kwanukan jere, tasoshi, zannuwan da aka ɗaura sau biyu aka gaji da su, duk abin da mace ta rasa yadda za ta yi da shi ta hannuna yake bi. Kuma ban taɓa shiga gidan mutane da kaya mai dauɗa ba. Tasa sai na bi ta da toka da lemon tsami har na ga fuskata a ciki. Zane sai an wanke an kai wa mabuga. Haka uwata ta koya min, da haka kuma na ciyar da 'ya'yana.

Gwiwar ce ta kai ni Dubai. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya yi shekara goma sha biyu a garin, shi ya aiko aka yi min biza don likita ya duba ni. Suna zaune a Karama shi da matarsa, a wani ɗan filat a hawa na uku. Da safe kowa ya fice aiki, a bar ni da na'urar sanyi tana hura min ƙashi. Cikin sati biyu na wanke duk abin da yake wankuwa a gidan, har da bayan firji. A sati na uku na ce masa ƙafata ƙafarsa.

"Inna, wajen ba na mata ba ne. Sito ne kawai, daga ƙura sai waya."

"Na tambaye ka na su wa ne?"

Haka na fara bin sa Al Quoz, unguwar da babu komai sai manyan rumbuna na kwano da motocin kaya da maza cikin shuɗin kayan aiki. Ya buɗe ƙofar sitonsu, na ga akwatuna dogaye a jere, kowanne a kan ƙafa huɗu kamar gadon asibiti. An rufe saman kowanne da gilashi. Ƙarƙashin gilashin akwai fili mai zane-zane da fitilu da 'yan turaku, daga can kai kuma wani allon gilashi a tsaye mai hoto. Ya kunna ɗaya ya nuna min. Za ka ja wani ɗan sanda ka saki, ƙwallon ƙarfe kamar girman kanya ya fita a guje, ya bugi nan ya bugi can, ƙararrawa tana kaɗawa. Kai kuma ka dafa akwatin ta gefe da gefe kana danna maɓalli biyu, wasu 'yan fikafikai suna mayar da ƙwallon sama don kada ya faɗa rami. Wasan ke nan gaba ɗaya. Finbol suke ce masa.

Na dube shi na ce, "Wannan ne aikin da muke gaya wa mutanen unguwa kai injiniya ne?"

Dariya ta tashi daga bayan wani akwati. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya miƙe da buroshi a hannu. Badamagare ne, shi ke aikin katako da fenti, ɗana kuma waya da fitilu. Yana jin bakina ya gane daga inda na fito.

"A'a, yau baiwata ta zo gaishe ni har Dubai? Sannu Bakanuwa. Ina goron ubangida?"

"Ka je ka wanke hannu tukuna, mai cin fara. Ƙaƙa aka yi suka bar ka ka hau jirgi?"

Tun daga ranar ya shimfiɗa min tabarma kusa da butar shayi, nan ya zama wurina.

Mai sito wani dattijon Balarabe ne ɗan ƙasa, mai tara waɗannan injuna tsofaffi. Wasu masu tarawa irinsa su ma suna kawo nasu gyara. Bizar ɗana a hannunsa take, kuma a watan nan ne za ta ƙare ya sabunta masa. Ɗana bai cika maganar ba, amma na lura duk sanda wayarsa ta yi ƙara sai ya goge hannu a wando kafin ya ɗauka.

Ni ba na iya zama ban sa ido ba. Da kallo da tambaya na fara gane kan sana'ar, kuma ta ba ni mamaki. A wurinsu tsohon abu ya fi sabo daraja, muddin shi ne wanda aka haifi injin da shi. Roba idan ta tsufa a canza, ƙwan fitila a canza, ƙwallon ma a canza, babu mai magana. Amma fenti, da allon hoton nan, da ƙofar da ake jefa kwabo, da ɗan katin da ke bayanin wasa wanda ya yi ja kamar an jiƙa shi da shayi, waɗannan ba a musanya su. Akwai lamba da aka buga a jikin akwatin, akwai wata a kan, dole su zama ɗaya. Ni ban yi boko ba, amma in aka nuna min zane biyu na san ko uwarsu ɗaya.

Wata rana aka sauke wani inji daga kwantena, mai shi yana rantsuwa ta waya cewa ba a taɓa sa masa hannu ba. Na zagaya shi da sandata. Na ce wa Badamagare ya dubi jan da ke jikin rigar matar da aka zana a fili, kusa da ramin da ƙwallo ke fitowa.

"Me ya same shi?"

"Duk sauran jan ya yi barci. Wannan idonsa biyu."

Ya ɗauko wata 'yar tocila mai haske ruwan makuba ya haska. Wurin ya fito fili kamar tabon ƙuna. Ya dube ni ya dubi ɗana.

"Wallahi patron, mai siton nan, ya yi asara. Ya sallame mu mu biyu ya ɗauki tsohuwa."

Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na gama gane dokarsu, wato kada a canza, kada a shafa sabon fenti. Babu wanda ya taɓa ce min kada a wanke. Su a wurinsu abu ne da ko yaro ya sani, ni kuwa a duniya ban taɓa jin inda wanki ya zama laifi ba.

Akwai wani inji guda a kusurwa da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Shi ne abin alfaharin mai gida, ba a taɓa yi masa gyaran fenti ba tun da aka ƙera shi. Ɗana ya ce ranar Alhamis wani Bature zai zo, irin masu zagayawa suna duba injunan masu tarawa, su rubuta takarda a kan kowanne. Abin da ya rubuta yakan bi injin duk inda ya je, ya kuma bi mai gyaransa. Mai gida ya ce a duba waya da roba kawai, yana son a rubuta masa daraja ta ɗaya.

Ranar Litinin da hantsi su biyun suka tafi karɓo kaya, suka bar ni da butar shayi. Na ɗaga ƙyallen don in ga abin da ake wa wannan tattali. Kyakkyawa ne, shuɗi da rawaya, da zanen jirgin ruwa a gefe. Amma a daidai maɓallan nan biyu, dama da hagu, akwai baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu, mai maiƙo, irin wanda ke taruwa a bakin ƙofar gidan da babu mace. Na taɓa, na ji yana danƙo. Raina ya ɓaci. Baƙo zai taso daga wata uwa duniya ya ga wannan ƙazanta, kuma a ce uwar mai gyara tana zaune a wurin da idonta biyu?

Ba na rabuwa da soson ƙarfe a jaka. Na samu omo a bayan gida, na yanka lemon shayi. Na ja kujera na zauna ta gefen dama, na yi bismilla.

Baƙin ya fita da sauri. Ruwan bokitin ya yi duhu, daga nan ya fara yin shuɗi. Na gani, amma hannuna ya riga ya saba, na ce ko wata dauɗar ce a ƙarƙashi, na ƙara biyu ko uku. Da na goge da tsumma wurin ya bushe, sai ga katako tsirara, fari fat, babu baƙin babu shuɗin.

Ban mayar da ƙyallen ba. Na zubar da ruwan, na koma tabarma na zauna ina kallon ƙofa.

Badamagare ne ya fara gani. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa a hankali.

"Innalillahi. Mon Dieu. Bakanuwa, yau kam kin ci mu da yaƙi."

Ɗana ya zo ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, tun yana yaro ba ya ɗagawa. Ya nemi gwangwanin fenti ya zauna a kai, ya ce, "Inna." Can ya gaya min abin da ban sani ba. Injin na mahaifin mai gida ne. A shagon shayinsa yake, bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi, tun garin bai zama gari ba. Baƙin nan da na kankare hannayen mutane ne, matuƙa jirgi da 'yan dako da shi kansa tsohon, shekara da shekaru suna dafawa wuri ɗaya. Masu dubawa suna neman wannan tabon, don shi ke shaida ba a taɓa injin ba. Mai gida kuwa duk sanda ya zo sai ya ɗora tafinsa a wurin kafin ya gaisa da kowa.

Na ce, "To me ya sa ba ku faɗa min ba?"

"Wa zai yi tunanin faɗa, Inna?"

Washegari na tarar da Badamagare ya riga mu zuwa. Ya haɗa shuɗi a murfin gwangwani, ya gwada a kan wani guntun katako. Bai tsaya nan ba, ya bi shi da guggubin shayi da kakin zuma da ƙurar sito yana murzawa da babban yatsa har ya yi baƙin maiƙo. Ya kai guntun kusa da gefen hagu, wanda ban taɓa ba. Ni da nake taƙama da ido, daga taku biyu ban iya raba su ba. Mutumin gwani ne, Allah ya sani.

Ya ce wa ɗana, "Awa uku, khalas, an gama. Ya bushe kafin Alhamis. Ko tocilar ba za ta gani ba, na san abin da na zuba."

Ɗana ya yi shiru yana juya guntun katakon a hannu. Na san wannan shirun. Shi yake yi tun yana ƙarami idan ya riga ya yarda da abu yana jiran a ƙara tura shi.

Na ce, "In Baturen ya gano fa?"

"Sunana ya mutu a wannan sana'ar. Babu mai sake kawo min inji."

"In bai gano ba?"

"Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Mutumin nan zai riƙa zuwa yana ɗora hannu a kan guggubin shayin wannan bawan, yana cewa hannun ubansa ne, kai kuma kana tsaye kana kallo."

Na taɓa yin irinta sau ɗaya, ina sabuwar dillaliya. Wani zane mai ƙunar garwashi, na ninke ƙunar ciki na sayar wa wata mata a unguwarmu. Ba ta dawo da shi ba, ba ta ce min komai ba. Shekara ashirin muna gaisawa, amma daga bakin zaure, ba ta sake cewa in shigo ba. Tun daga nan, in zane yana da huda, ni nake fara zura yatsa a ciki in nuna kafin a taya. Wanki ina yi, amma ɓoye aibi sau ɗayan nan ne.

Na miƙa hannu na ɗauke murfin fentin na tura ƙarƙashin kujerata na zauna a kai.

"Hajiya, fentina!"

"Zo ka ɗauka in kai namiji ne."

Bai yi dariya ba, ɗana ma bai yi ba. Ɗana ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Inna, ke in an gama gwiwa Kano za ki koma. Ni ne a nan. In ya ƙi sabunta min biza, shekara goma sha biyu ta tafi."

Gaskiya ya faɗa. Ni na yi ɓarna, ni kuma na hana a rufe ta, shi ne zai ɗauki nauyin duka biyun. Duk da haka ban tashi daga kan kujerar ba. Ranar Laraba ya kira mai gida, yana can gonarsa a wani gari da ake kira Hatta. Na ji sun gaisa, na ji ɗana ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce inshallah ya kashe. Bakinsa ya kasa faɗa masa.

Ranar Alhamis na ɗaura zanen da na zo da shi don sallar Juma'a. Suka iso bayan azahar, mai gida cikin farar riga tas, da Baturen, wani siririn tsoho mai tabarau a rataye da igiya. Ya fara ta gefen hagu. Tun daga yadda ya tunkari injin na san ya san abin da yake yi. Bai taɓa komai ba sai da ya zagaya da ido. Ya buɗe ƙofar kwabo ya sa hanci ya shinshina, yadda nake wa zane in ji ko ya kwana a adaka ko an fesa masa turare jiya. Ya duba kawunan kusoshi ko sukudireba ta taɓa cizonsu. Ya haɗa lambar jiki da ta kai. Ya haska bayan allon hoton daga nesa, yana riƙe numfashi don kada fentin da ya fara ɓarewa ya zubo. Da a Kano aka haife shi da ya yi dillanci.

Da ya juyo zai zagayo dama, na riga shi. Na dogara sandata na tsaya, na nuna farin wurin, na bugi ƙirjina. Larabcina bai wuce na salla ba, amma na san yadda ake cewa ni ce.

"Ana. Ana."

Na ce wa ɗana, "Faɗa musu. Ni na wanke, ba ka nan, ba ka sa ni ba." Na juya ga Badamagare. "Kai kuma kasa kunne. In ya rage min magana ko ya jawo laifin kansa, ka gaya min."

Ɗana ya faɗa musu. Badamagare ya gyaɗa min kai. Baturen ya yi tambaya, aka ce yana son sanin da me na wanke. Na buɗe jaka na fito da soson ƙarfen na ɗora a tafinsa. Ya dube shi, ya rufe ido kamar wanda haƙori ya sara.

Mai gida bai dube ni ba. Ya zo ya durƙusa a ƙasan sito da farar rigarsa, ya kai hannu zai dafa wurin, ya fasa. Ya daɗe a haka. Na yi shekaru ina ganin mata suna rabuwa da kayan ɗakin iyayensu, na san fuskar. Na sunkuya iya yadda gwiwa ta bar ni, na ba shi haƙuri da Hausa, ban nemi a fassara ba.

Baturen ya haska tocilarsa ruwan makuba a kan wurin da kewayensa, babu abin da ya fito. Ya dubi yatsun Badamagare, da har yanzu akwai shuɗi a ƙarƙashin farce, ya dubi ɗana, ya tambaya ko an yi niyyar shafawa. Ɗana ya ce an yi, an fasa. Ya rubuta. Daraja ta ɗaya ta tafi, ya ce babu yadda zai yi. Amma ya bar injin a sahun waɗanda ba a yi wa fenti ba, ya rubuta cewa an kankare gefe ɗaya kuma masu gyaransa ne suka nuna da kansu. Har yau Badamagare yana rantsuwa cewa tocilar ba za ta kama aikinsa ba. Mai yiwuwa ne. Ban taɓa ce masa ƙarya yake ba.

Mai gida ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Kwana tara babu kira. Na daina zuwa sito. Ɗana yana fita da safe ya dawo da yamma, ya gaishe ni yadda ya saba, ya ci loma uku ya ture kwano. Matarsa tana kallona ina kallonta. Likita ya ce gwiwa tana sauƙi, ni ban ji ba. In na rufe ido farin katakon nan nake gani, kuma har yanzu wani lokaci ina ganinsa.

A rana ta goma, bayan la'asar, na ji ɗana yana hawowa bene da nishi. Ya shigo da kwalin dabino a kafaɗa, ɗanye, daga gonar Hatta. Ya ajiye a gabana ya zauna a ƙasa.

"Mai gida ya ce in kai fasfo gobe a sabunta biza."

Na yi hamdala a ciki. A fili na ce ya cire takalmi daga kan darduma.

"Dabinon naki ne. Kuma ya ba ni saƙo."

"Ina ji."

"Ya ce gefen hagu, don Allah, ki bar masa."

Matarsa ta toshe baki da mayafi ta shige kicin. Na ce saura me, don na ga bakinsa bai gama ba.

"Ya ce ya kai wa mahaifiyarsa labari, tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai. Wai tun tana amarya take neman ta kankare wurin nan, tsohon yana hana ta. Sau biyu yana kama ta da bokiti. Da ta ji, sai ta tambaya ko ya fita tas."

"Ka ce masa ya fita."

"Inna!"

"To ƙarya zan yi? Ashe dai akwai mai hankali a gidan."

Ya fara dariya da dabino a baki har ya ƙware, yana tari yana hawaye yana bugun ƙasa. Na miƙa masa ruwa, na ce ya zauna daidai ya sha, babba da shi. Sannan na kira matarsa ta zubo masa tuwo, ta cika kwanon.